Ɗana, Kafin Ka Ɗauki Alli Ka Tsallaka Iyaka

Ɗana, labari ya iso mini cewa wata makarantar kuɗi a Damagaram ta yi maka tayin koyar da Ingilishi, kuma kana haramar tafiya kafin su koma aji a watan Oktoba. Na yi murna, Allah ya sa albarka. Ba zan ce maka kada ka tafi ba. Yaron da ya gama Kwalejin Ilimi ta Gumel, ya ƙara digiri, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo gida yana duba ko sunansa ya fito a shirin ɗaukar malamai na J-Teach, ba a ganin laifinsa idan ya ɗaga kai ya dubi arewa. Can ɗin ma ba baƙon wuri ba ne a gare mu. Tumbi, inda sarakunan Gumel suka zauna kafin su dawo nan, yau a cikin Nijar take, kuma da wuya ka sami gida a Maigatari ko Sule Tankarkar da ba shi da dangi a Dungas ko Magarya. Abin da ya dame ni shi ne mutumin da za ka yi wa aiki. A kansa nake so mu tsaya, domin jin daɗin zamanka da wahalarsa duk a hannunsa za su kasance.

Kiran da aka yi maka ba abin mamaki ba ne. Yaran Nijar suna fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, kuma yana cikin jarrabawar BEPC da ta BAC. Ɗan kasuwar Maradi ko Damagaram da ke saro kaya a Kantin Kwari, ko ya wuce har Dubai da Sin, ya san abin da harshen yake saya masa, yana kuma son ɗansa ya iya. Tun 2013 akwai Jami'ar Maryam Abacha a Maradi mai koyarwa da Ingilishi. A watan Maris na 2025 kuma, kundin da mahukuntan soja suka kafa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi kusa da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Buƙatar malami irinka gaskiya ce. Sai dai inda buƙata ta yi yawa, masu buɗe makaranta ma suna yawa, kuma ba dukkansu ne suka san darajar malami ba. Akwai tsohon malamin da ya tara ɗan abin da ya samu ya gina azuzuwa saboda ƙaunar aikin. Akwai kuma wanda ya lura makaranta ta fi shago riba, ya kama hayar gida, ya kafa allo a bakin titi, yana neman ɗan Najeriya guda da zai riƙa nuna wa iyaye ranar karɓar kuɗi. Dukkansu biyun za su yi maka fara'a a waya.

Abin da ya fi yaudarar yaranmu shi ne sabo. Za ka sauka a tasha ka ji Hausa, ka shiga masallaci ka ga sahu irin na gida, a kawo maka fura da ta fi tamu kauri, sai zuciyarka ta ce ai gida ka zo. A wajen zumunci gida ne. A wajen hukuma kuwa kai baƙo ne, kuma ranar da rigima ta taso, takarda za a tambaya, ba sunan kakarka ba.

Na ga wannan da idona, daga ɗaya ɓangaren. Muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kano a lokacin, tun kafin a yanke Jigawa a 1991. Kuɗin mai sun shigo, shirin UPE na 1976 ya buɗe makarantu fiye da malaman da muke da su, sai sakandarorinmu suka cika da malamai daga Ghana da Indiya da Pakistan da Filifin. Da yawa cikin manyan da kake gaisarwa yau a Gumel da Haɗeja, wani ɗan Ghana ne ya miƙe musu Turanci. Ranar 17 ga Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasa, daga baya aka ƙara wa masu sana'a wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. Mutanen Ghana wajen miliyan guda suka fita, 'yan Nijar ma da yawa suka koma ta iyakokin nan namu. Malamin da hukuma ta ɗauka da takardunsa cikakku, ya ci gaba da shiga aji. Wanda mai makaranta ya ce wa kada ya damu, ai duk ɗaya muke, shi ne ya ƙulle kayansa cikin dare ya bar haƙƙinsa a hannun mutane. Malaman kirki ne, masu haƙuri, kuma har yau ina jin nauyin abin a raina.

Kada ka ɗauka wannan tsohon zance ne. Kai da kanka ka ga an rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe Maigatari ba sai ranar 16 ga Disambar 2020. Ka ga an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, kuma a farkon 2025 ɗin Nijar ta tsaurara dokar shiga da zaman baƙi. Ko a zamanin da ake ɗasawa, kwana 90 ɗin da yarjejeniyar 1979 ta ba mu ba tare da biza ba na shiga ne da ziyara, ba su zama izinin aiki ba. Dokar ƙwadagon Nijar ta 2012 ta ce kwantaragin baƙo sai an rubuta shi, an kuma kai shi hukumar ɗaukar ma'aikata, wadda suke kira ANPE, ta sa masa hatimi. Saboda haka tambayarka ta farko ga mai makaranta, tun kafin maganar albashi, ita ce wa zai bi wannan hatimin, wa zai biya kuɗinsa, kuma yaya za a yi da takardar izinin zamanka. Wanda ya saba ɗaukar baƙi bisa ƙa'ida zai amsa maka nan take, har ya faɗa maka ofishin. Wanda ya ce ka zo tukuna a ga yadda za a yi, ya riga ya ba ka amsa.

Ka san yadda ciniki yake a kara ranar Alhamis a Maigatari. Mai saye ya taso daga Kudu, mai raƙuma ya gangaro daga can cikin Nijar, ba su taɓa ganin juna ba, amma dukiya mai yawa tana sauya hannu kafin la'asar. Abin da ke riƙe da cinikin shi ne dillali da mai masauki, mutumin da ke zaune a garin, kowa ya san ƙofar gidansa, wanda idan sa ya fito na sata ko kuɗi suka maƙale, shi za a zo wa. Irin wannan mutumin kake buƙata a Damagaram: dattijo mazaunin garin, wanda ba ya cin abinci a makarantar, wanda zai iya cewa ya san mai ita, kuma zai ji kunya idan aka cuce ka. Ka neme shi ta wajen kawunnanka na Maigatari masu harkar dabbobi da hatsi, ko ta wajen liman, ko shugabannin 'yan Najeriya mazauna can. Yaron da ya haɗa ka da aikin ta WhatsApp, wanda lambar waya kaɗai ka sani tasa, ba zai tsaya maka a wannan matsayi ba, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Sannan ka je da ƙafarka kafin ka amsa. Gani ya kori ji, kuma kuɗin motar zuwa da dawowa ba su kai asarar shekara guda ba. Ka nemi ganin takardun da gwamnati ta ba makarantar, na izinin kafawa da na izinin buɗewa. Makaranta mai gaskiya tana alfahari da lambar takardar, sau da yawa ma tana kan allonta da kan takardun wasiƙunta. Ka rubuta lambar, ka je ofishin ilimi na jiha tare da mai masaukinka a duba maka. Ka tambaya ko ɗalibansu suna zana BEPC da sunan makarantar, ko kuwa ana rubuta su a matsayin masu zaman kansu, domin wannan yana nuna yadda hukuma ta ɗauke ta. Idan kuma wata babbar makaranta ce mai ba da difiloma ko digiri ta kira ka, ka ninka binciken. Ka tuna a ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har a Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance takardun digirin Benin da Togo. Malamin da ya yi shekaru a wurin da ake sayar da takarda, sunan wurin zai bi shi duk inda ya kai takardar neman aiki.

Duk da haka, takarda tana gaya maka cewa makarantar halattacciya ce kawai. Halin mai ita sai a bakin mutane, kuma bakin da ya fi kowanne amfani shi ne na malamin da ya bar wurin. Wanda ke ciki yana tsoron abincinsa, zai ce maka alhamdu lillahi ya yi shiru. Wanda ya fita ba shi da abin tsoro. Ka ce wa mai makaranta, cikin ladabi, kana so ka gaisa da malamin Ingilishin da ka zo gada, don ka san inda yara suka tsaya. Wannan buƙata ce ta aiki, ba wanda zai ga aibinta. Idan ya ba ka lambar da sakin fuska, alama ce mai kyau ƙwarai. Idan ya fara zagin mutumin, ya ce maci amana ne, na gabansa ma haka, na gaban wancan ma haka, to ka lissafa malaman Ingilishi nawa suka wuce cikin shekara uku, ka tambayi kanka ko duk su ne masu laifin.

In ka sami tsohon malamin, kada ka tambaye shi ko makarantar tana da kyau, domin zai amsa maka da kara. Ka tambaye shi ranar nawa ga wata albashi yake shiga hannu. Ka tambaye shi yadda aka yi a Afrilu da Mayu, saboda makarantun kuɗi da kuɗin iyaye suke rayuwa, iyaye kuma kashi-kashi suke biya: farkon shekara akwati a cike yake, ƙarshenta ne ake gane mai tanadi da mai cin gaba ɗaya. Ka tambaye shi ko an taɓa yanke masa kuɗi don ya yi zazzaɓi, ko an taɓa matsa masa ya ƙara wa ɗan wani babba maki, ko da zai tafi an ba shi haƙƙinsa da takardar shaidar aiki. Bayan shi, ka zauna da mai gadi, ka sha shayi a teburin da ke bakin ƙofa, ka sayi abinci wajen matar da malamai ke cin bashi a wurinta. Ita ta fi kowa sanin ranar da ake biya, domin ranar ce ake biyan ta. Makarantar da ke riƙe kuɗin mai shara ba za ta daɗe tana girmama naka ba.

A nan sai na ja maka kunne ta ɗaya gefen. Mutum guda mai ɓacin rai ba hujja ba ne. Akwai malamin da aka sallama saboda fashi ko dukan yara, ya fita yana ɓata sunan wanda ya yi masa alheri. Ka ji daga baki uku ko huɗu waɗanda ba su haɗa hanya ba, ka ga inda maganarsu ta haɗu. Abin da ka ji kuma naka ne don yanke shawara, kada ka mai da shi hirar majalisa. Malamanmu sun halatta wa wanda aka nemi shawararsa ya faɗi gaskiyar da ya sani, amma ba su halatta yawo da ita ba.

Ka kuma gane wa ke riƙe da akwati. Sau da yawa shugaban makarantar da ya yi maka tambayoyi ma'aikaci ne kamarka, mai ita kuwa wani ne daban, wataƙila ma yana Yamai. Alkawarin shugaba ba ya ɗaure mai kuɗi. Ka tabbata ka ga mai makarantar ido da ido, kuma sa hannunsa ne a kan takardarka.

To, maganar rubutu. Na san kunyarmu. Yaro yana ganin idan ya ce wa dattijo a rubuta, kamar ya ce bai yarda da shi ba ne. Ka cire wannan daga ranka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma albashin da za a biya ka bayan ka yi aikin wata bashi ne a wuyan mai makaranta. Ka tuna kuma da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, lokacin da ya isa Madyana yana baƙo, ba shi da kowa. Dattijon da ya ɗauke shi aiki mutumin kirki ne, amma duk da haka sai da suka fayyace wa'adi a fili, shekara takwas, cikon goma kuma ganin damar ma'aikaci ne. Idan mutanen kirki irin waɗannan sun yanke magana tun farko, ni da kai ba mu da dalilin jin nauyi.

Abin da za a rubuta ɗin ma sai ka sa ido. Makarantun kuɗi na can suna da malamai iri biyu: na dindindin mai albashin wata, da wanda ake biya gwargwadon awannin da ya shiga aji. Na biyun, ranar hutu ko ranar da aka yi yajin aiki ba shi da ko dala, kuma daga Yuli zuwa Satumba aljihunsa a bushe yake. Wannan tsari ya dace da malamin gwamnati ɗan gari da ke zuwa ƙarin awanni da yamma, bai dace da baƙon da ya baro gida yana biyan haya ba. A rubuta ko wata tara za a biya ka ko goma sha biyu, awa nawa a mako, aji nawa, da abin da za a ƙara idan aka ɗora maka wani. A rubuta maganar masauki, da wanda zai biya wuta da ruwa, kuma kada ka raina maganar ruwa, Damagaram gari ne da ya daɗe yana fama da ƙarancinsa, musamman da bazara. A rubuta ko za a sa ka a asusun ma'aikata na CNSS, da tsawon lokacin gwaji, da kwana nawa ne sanarwa idan ɗayanku yana son rabuwa. Da Faransanci za a rubuta, saboda haka ka kai wa wani mai jin harshen wanda ba ɗan makarantar ba ya karanta maka layi-layi, kuma kwafi guda mai sa hannu da hatimi ya kwana a jakarka.

A rubuta kuɗin da lambobi, a kuma ce sefa ne. Mutanen can da dala da jika suke lissafi, jika guda sefa 1,000 ce, kuma baƙo yana iya amsa ciniki bai gane adadin da ya amsa ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne tun Janairun 2024, na ma'aikacin da ba shi da wata takarda ke nan, don haka ka san inda za ka fara auna tayin da aka yi wa mai digiri. Na san abin da ke jan hankalinku shi ne canji. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane yuro guda, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta sha ƙasa, sai yaro ya buga lissafi a waya ya ga kuɗi masu yawa. Amma da sefa za ka sayi shinkafa, da ita za ka biya haya da magani da kati. Abin da ya rage bayan wannan shi ne albashinka na gaskiya, shi za ka kwatanta da abin da za ka samu a Gumel kana cin tuwon gida.

Abu biyu kuma ba na so ka yi sassauci a kansu ko kaɗan. Fasfonka da takardun karatunka na asali ba sa kwana a ofishin kowa. A gani, a ɗauki hoto, a dawo maka da su a wurin. Wanda ya riƙe takardunka ya riƙe ƙafarka, kuma waɗanda suka gudo daga Khartoum bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, cikinsu har da ɗaliban Jigawa, za su gaya maka darajar fasfo a aljihu ranar da gari ya rikice. Na biyu, ba a sayen aiki. Makarantar da ke buƙatar malami ita ke kashe kuɗi ta same shi.

Wannan na biyun ya fi shafar abokanka masu hangen nesa, waɗanda ke turo maka tallan koyarwa a Sin da Koriya da Tailan da ƙasashen Larabawa. Ka isar musu da saƙona. Bizar koyar da Ingilishi ta Koriya ta Kudu an gina ta ne a kan 'yan ƙasashe bakwai, Amurka da Kanada da Birtaniya da Ayalan da Ostireliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, babu Najeriya a ciki, saboda haka duk wanda ya karɓi kuɗin yaro da wannan alkawari ya san abin da yake yi. A Sin, aiki sai da bizar aiki, kuma tun Yulin 2021 gwamnati ta murƙushe yawancin cibiyoyin darasin bayan makaranta da ke ɗaukar baƙi. Wanda ya shiga da bizar yawon buɗe ido ko ta karatu ya kama koyarwa, shi ake kamawa. Mafi muni, an yi ta kiran matasa masu jin Ingilishi da sunan aiki a Tailan, a tsallaka da su garin Miyawadi na Myanmar, a kulle su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet. A farkon 2025 an fito da dubbai daga waɗannan gidaje, da 'yan Afirka a cikinsu. Saudiyya ma, da zukatanmu ke so, bizar Umara ba ta aiki ba ce, kuma mun san halin da 'yan'uwanmu marasa iƙama suke ciki a can. Duk mai kai mutane aiki waje dole ya kasance da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. A nemi gani, a kuma nemi makarantar kai tsaye ta adireshinta na hukuma a ji ko ta san da zancen. Inda aka ga alamar safarar mutane, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar tana nan tun 2003.

Akwai hanya mai tsabta da yaranmu ba su cika nema ba. Tun 1987 Najeriya take da shirin TAC a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, mai tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu. Gwamnati ce ke tsaya maka, ƙasar da ka je ta san da zuwanka. Ana son masu gogewa, saboda haka shekarun da za ka yi yanzu a makaranta mai suna mai kyau su ne guzurinka na gobe. Ka yi rajistar hukumar malamai ta TRCN idan ba ka yi ba, ka kai takardunka Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja a tantance su tun ba a tambaye ka ba. In hali ya samu, takardar CELTA ta Kambirij tana da nauyi a makarantun duniya fiye da tarin takardun da ake sayarwa a intanet da rahusa.

Idan ƙanwarka ko wata abokiyar karatunka aka yi wa irin wannan tayi, duk abin da na faɗa yana nan, da ƙari guda: masaukinta kada ya zama a hannun mai makaranta shi kaɗai. Ta sauka a gidan dangi ko gidan da iyayenta suka je suka gani, ta yadda ranar da ta ce ta bar aiki ba za ta rasa wurin kwana a daren ba.

Kai ma akwai abin da ke wuyanka, kuma ina so ka riƙe shi da irin ƙarfin da kake neman naka haƙƙin. In ka sami mutumin kirki, ka cika masa shekara. Kada wata makaranta ta ƙara maka jika biyar a watan Fabrairu ka bar yaran da ke fuskantar jarrabawa a Yuni. Iyayensu sun sayar da gero da awaki sun biya. Ka koyi Faransanci gwargwadon da za ka bi taron malamai ka cika takardar sakamako, ka saba da ba da maki a kan 20 yadda suke yi. Kada Hausa ta zama hanyar sauƙi a aji har yara su gama shekara ba su buɗe baki da Ingilishi ba. Idan za ka yi darasin gida don ƙarin samu, mai makaranta ya sani. Ka kame bakinka da yatsanka daga siyasar ƙasar mutane, a majalisa da Facebook duka, domin ƙasa ce da ke hannun soja kuma tsakaninta da tamu akwai tsami. Kada kuma ka shiga da girman kan da wasu 'yan Najeriya ke kai wa maƙwabta. Za ka tarar da malamai masu tsari da horo, waɗanda za ka ƙaru da su. Yadda ka zauna da su shi zai sa gobe a ce a sake nemo wani daga Gumel ko Gagarawa, ko a ce an gode.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, al'amari ya karkace duk da binciken, kada ka yi fushi ka kwashe kaya cikin dare. Ka riƙa ajiye ɗan littafi tun ranar farko, kana rubuta awannin da ka koyar da duk abin da aka ba ka, da kwanan wata, kana sa hannu a kan abin da ka karɓa kawai. Jinkirin wata guda ana yi wa uzuri, musamman idan mai makaranta ya tara ku ya yi bayani da bakinsa. In ya shiga na biyu ba bayani, ka sa mai masaukinka ya yi magana, domin sau da yawa kunyar dattijon gari tana fitar da abin da rigima ba ta fitarwa. In hakan bai yi ba, akwai ofishin sufeton ƙwadago, aikinsa ke nan sasanta ma'aikaci da mai aiki, kuma a nan ne kwantaragin da aka sa wa hatimi zai yi maka magana. Kuɗin motar komawa Maigatari kuwa ka ware su gefe tun daga albashin farko, kada ka taɓa su ko da salla ta zo.

In ka je ka gano wurin, ka biyo ta gida da kwafin takardar kafin ka sa hannu. Akwai wani tsohon abokin aikina a nan da ya yi karatu a can, yana jin Faransanci sosai, sai mu zauna mu uku mu bi ta a tsanake. Ka taho da lambar malamin da ya bar wurin, ina so in gaisa da shi da kaina. Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da mutanen kirki.